Idan Babur Ya Kama Wuta

Jama'ar Ƙofa da Bebeji, da babur muke kai hatsi kasuwa, da shi muke kai mara lafiya asibiti. Idan ya kama wuta, a kashe ta da yashi. Ruwa yana watsa fetur.

Bayan ya huce, kada a tayar da shi. A fara cire wayar batir. A duba tanki da tiyon mai, ko suna yoyo. Wayoyin da suka narke a sake su, kada a naɗe da leda. Haka ma taya da wayar birki.

Kada a yi wa tanki walda da warin fetur a ciki, zai fashe. Idan ƙarfen jikin babur ya lanƙwashe, bakanike ya gani kafin a kashe kuɗi. Rai ya fi babur.