Kwamfuta ma tana barcin rani

Ƴan uwa, kun san kwaɗo. In rani ya yi, sai ya shige ƙasa ya yi barci. Ba ya ci, ba ya sha, har ruwan farko ya sauka. To, kwamfuta ma tana da irin wannan barci.

A ƙauyukanmu da yawa, wuta daga batirin hasken rana take zuwa. Batirin nan shi ke caja waya, shi ke kunna fitilar gidan likita da dare. In an bar kwamfuta a kunne ba a aiki da ita, wutar jama'a take sha.

Barcin kwamfuta iri 2 ne.

Na farko ƙaramin barci ne. Fuskarta ta yi duhu, amma tana shan wuta kaɗan kaɗan. Aikinka yana kamar hatsin da aka shanya a tabarma. In batiri ya mutu, abin da ba ka adana ba yana iya ɓacewa.

Na biyu dogon barci ne. Kwamfuta ta kwashe aikinka duka ta zuba cikin rumbunta, sannan ta mutu ɗungum. Ba ta shan wuta. In ka kunna ta, za ka tarar da aikinka inda ka bar shi. Sai dai tashinta yana ɗan jinkiri.

A Windows ta Faransanci, je wurin kashewa, ka zaɓi "Mettre en veille prolongée". In ba ka gan shi ba, tambayi malamin yaƙi da jahilci.

Za ka tafi gona ko kasuwa? Sa ta dogon barci. Wutar da ka tanada da rana, ita za ta haska mai haihuwa da dare.