Sankarar Kaji: Asarar da Ake Sayowa Tare da 'Yan Tsaki

IBADAN — Akasarin masu zuba jari a kiwon kajin gidan gona sun san murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, sun kuma san gumboro, domin waɗannan cututtuka ne masu share garke cikin kwanaki. Amma akwai wata cuta mai cin jari a ɓoye wadda ba kasafai ake sa ta cikin lissafi ba, wato sankarar jini ta kaji, wadda likitocin dabbobi ke kira lukosis.

Ƙwayar da ke haddasa ta bairos ce daga dangin retrobairos, dangin da ƙwayar ƙanjamau ta fito. Halin wannan dangi shi ne dasa bayanan halittarsu cikin na dabbar da suka shiga, ta yadda ba sa fita har mutuwa. A jikin kaza ne aka fara gano cewa bairos na iya jawo ciwon daji: Ellermann da Bang a Kwapanhagan a 1908, sannan Peyton Rous a Niyok a 1911, wanda sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel a kan aikin. Babu shaidar cewa cin ƙwai ko naman kaji na sa wa ɗan Adam cutar, saboda haka maganar ta aljihu ce.

Abin da ya sa ta fi ciwo ga ɗan kasuwa shi ne lokacin da take bayyana. Nau'inta da ya fi yawa a kajin ƙwai ba ya cika nunawa kafin kaza ta kai mako 14 zuwa 16, kuma ya fi kisa daidai lokacin da za ta fara saka ƙwai. Kafin nan kowace kaza ta ci kilo 6 zuwa 7 na abinci, an biya kuɗin rigakafi, wuta da ma'aikata, ba a kuwa sayar da ƙwai ko ɗaya ba. Sai a ga kaza ta rame, zankonta ya koɗe, cikinta ya kumbura. In an yanka a tarar hanta ta yi girma ƙwarai, da fararen ƙulluttai a jikinta.

Duk da haka mace-macen ba su ne babbar asarar ba, don a yawancin garkuna ba sa wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Kajin da ke ɗauke da ƙwayar suna yawo lafiya lau su ne matsalar. Binciken da aka yi a Kanada aka wallafa a 1980 ya nuna cewa irin waɗannan kaji na makara wajen fara saka, kuma kowace na gaza 'yan uwanta da ƙwai sama da 20 a zangon saka. A misali, gonar da ke da kaji 5,000, in ɗaya bisa goma ne kawai suka kamu, an yi asarar ƙwai 10,000, wato kiret 333, alhali kajin sun ci abincinsu cif. Mai gona kan ɗora laifin a kan zafi ko mai sayar masa da abinci.

Cutar ba ta da magani, ba ta kuma da allurar rigakafi a kasuwa. A nan ake yawan ruɗewa da cutar Marek, wadda ita ma ke sa ƙari a jikin kaji amma daga wani dangin bairos dabam take, kuma tana da rigakafi tun wajen 1970. Takardar da ke nuna an yi wa tsaki allurar Marek ba ta ce komai a kan lukosis ba.

Babbar hanyar yaɗuwarta ita ce daga uwa zuwa ɗa ta cikin farin ƙwai. Tsakon da aka ƙyanƙyashe da ita jikinsa ba ya ɗaukar ta a matsayin baƙuwa, don haka yakan yi ta zubar da ita ta kashi da miyau tsawon rayuwarsa, yana harbar na kusa da shi tun a injin ƙyanƙyasa da kwalin jigila. A wajen jiki kuwa ƙwayar ba ta da ƙarko, maganin wanke keji na kashe ta. Ke nan tsabtar gona na taimakawa, amma ba ta gyara tsakon da ya zo da kayansa.

Manyan kamfanonin duniya masu samar da irin kaji sun ɗanɗana wannan. A 1988 masu bincike a Ingila suka gano sabon nau'i mai lakabin J a kajin nama, kuma cikin shekarun 1990 ya bi sawun cinikin iyayen kaji zuwa ƙasashe da dama, daga baya ya shiga kajin ƙwai a ƙasar Sin. Mafitar da suka bi ita ce gwada farin ƙwai da kashin farko na tsaki, a fitar da duk uwar da ke zubar da ƙwayar, zuriya bayan zuriya. Aiki ne mai tsada, shi ya sa ƙananan masu ƙyanƙyasa ba sa yin sa. Wata 'yar uwar wannan ƙwaya, mai kama talotalo, agwagi da salwa, ta taɓa shiga garkuna a Japan da Ostireliya cikin shekarun 1970 ta gurɓatacciyar allurar rigakafi.

Ga Nijeriya batun na da nauyi, ganin cewa ana shigo da iyayen kajin zamani daga waje, kuma kaso mai yawa na 'yan tsakin da ake kiwo a Kano, Kaduna da Jos daga gidajen ƙyanƙyasa na yankin Ibadan suke zuwa, sau da yawa ta hannun dillalai biyu ko uku. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun riga sun ga alamun ƙwayar a kajin Zariya, na gona da na gida.

A ganin wannan wakili, rangwamen 'yan nairori a kan tsakon da ba a san uwarsa ba bai kai kasadar ba. Ya kamata mai saye ya nemi sunan gidan ƙyanƙyasar a rubuce a kan rasit, ya tambayi ko ana gwada iyayen, ya kuma guji haɗa tsaki daga wurare dabam-dabam a ɗaki guda. Bankunan da ke ba da rancen kiwo su ma suna iya sa wannan cikin sharuɗɗa. In kaji suka fara mutuwa ɗaiɗai bayan wata huɗu, a kai gawa asibitin dabbobi na jami'a ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, domin da ido kaɗai ko likita ba ya iya raba lukosis da Marek.