Kujerar da Aka Ba Tsvangirai

Ni dai har yau ban yarda Morgan Tsvangirai ya mulki Zimbabwe ba, ko da yake shi ne Firayim Minista daga Fabrairun 2009 zuwa 2013. Ɗan ƙwadago ne da ya jagoranci kafa jam'iyyar MDC a 1999, ya shekara goma yana adawa. An tuhume shi da cin amanar ƙasa, 'yan sanda kuma suka fasa masa kai a 2007. A zaɓen Maris 2008 ya samu kashi 47.9, Shugaba Robert Mugabe 43.2, aka ce sai an je zagaye na biyu. Da aka shiga kashe magoya bayansa, sai ya janye. Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ne ya sasanta su, aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa.

A wajen rabo aka yi masa wayo. Mugabe ya riƙe soja da leƙen asiri, shi ke jagorantar zaman majalisar ministoci. Ma'aikatar cikin gida, mai kula da 'yan sanda, ministoci biyu aka ɗora mata, kowane ɓangare ɗaya. 'Yan adawa kuwa aka miƙa musu kuɗi da lafiya da ilimi, wato duk inda wuta ke ci: baitulmali wayam, makarantu a rufe, kwalara ta ci rai fiye da 4,000, ga takardar kuɗi ta dalar Zimbabwe tiriliyan 100 da ba ta cika kwandon cefane. Ranar rantsar da ministoci aka kama Roy Bennett, wanda Tsvangirai ya zaɓa mataimakin ministan gona. Bai cika wata a ofis ba matarsa Susan ta rasu a haɗarin mota, yana cikin motar.

Duk da haka an ga aiki. Ministan kuɗi Tendai Biti ya tsaya kan amfani da dalar Amurka, farashi ya lafa, kaya suka dawo kantuna, malamai suka koma aji. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ƙasa ta numfasa, jam'iyyar Mugabe, ZANU-PF, ita ma ta samu sararin sake shiri.

Ba na wanke Tsvangirai. Rigingimun aurensa sun cika jaridu, manyan jam'iyyarsa suka saba da daɗin ofis, ya kuma shiga zaɓen 31 ga Yulin 2013 ba a gyara rajistar masu zaɓe ba. Mugabe ya tashi da kashi 61. Ciwon daji ya yi ajalin Tsvangirai a Johannesburg a Fabrairun 2018, wata uku bayan sojoji sun tilasta wa Mugabe sauka.