Darasi a Kan Bashin Mamaci da Abin da Ke Gabatar Rabon Gado

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan wata mai alfarma, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu saurarenmu daga Magarya, Bande, Waca, Ɗan Ciyau, har Dungas da Malawa, darasinmu na yau a kan dukiyar da mamaci ya bari ne. Al'adar da yawanmu ita ce, da an yi sadakar arba'in sai a fita awon gona, alhali magaji ba shi da komai sai abin da ya rage bayan an sauke haƙƙoƙin da ke wuyan mamaci. A cikin ayoyin gado na Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, sau huɗu Allah Ya maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi.

Shehu Halilu, cikin Muhtasar, ya jera haƙƙoƙin nan guda biyar. Na farko, haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar gonar da ke hannun jingina. Na biyu, likkafani da hidimar binnewa gwargwadon hali. Na uku, biyan basussuka. Na huɗu, wasiyya daga sulusin abin da ya rage. Na biyar, gado.

Ga misali. Mutum ya rasu, aka ƙiyasta dukiyarsa jika 900 na sefa. Ya jinginar da gona a kan jika 50, jana'iza ta ci 20, ana binsa 30, bai bar wasiyya ba. Abin rabo jika 800 ke nan. In ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, matar tana da tumuni, jika 100. Kowane namiji 200, kowace mace 100. Gona kuwa dukiya ce kamar sauran dukiya, rabon 'ya mace yana cikinta. Wanda ya sallami 'yar'uwarsa da damin gero ya riƙe ƙasa ba da yardarta ba, ya ci haƙƙinta.

Mu lura da abubuwa uku da ake mancewa. Sadakin da miji bai cika ba bashi ne, ana biyan matar kafin tumuninta. Bashin da lokacinsa bai yi ba, a mazhabar Maliku, yana faɗowa da mutuwar wanda ake bi. Abincin zaman makoki kuma ba a ɗibarsa daga dukiyar marayu. Baligin da ke so ya yi sadaka, ya yi daga rabonsa.

Jingina ita ce ta fi haddasa husuma a ƙasarmu, inda jama'a ta yi yawa, gonaki suka ƙanƙance. Mutum ya karɓi kuɗin mota zuwa cirani Kano ko Libiya, ya ba da gona da fatar baki. Shekaru su wuce, shaidu su mutu, 'ya'yan wannan su ce saye ne, 'ya'yan wancan su ce jingina ce. Ku sani kuma, malamanmu sun hana wanda ya ba da rance ya ci amfanin abin da aka jinginar masa, domin rance ne da ya jawo riba.

Maganin wannan yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Hukuma ma ta buɗe ƙofa: tun dokar karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye, kuma na ƙauye, ƙarƙashin mai gari, yana ba da takardar saye, kyauta, aro da jingina. Wanda ya yi cinikin bisashe bashi a kasuwar Maigatari, ya rubuta ko da ajami ne, ya bayyana naira ce ko sefa.

Wasiyya kuwa iyakarta sulusi, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Jikan da mahaifinsa ya rigayi kaka rasuwa ba ya gado in akwai baffa. Ga inda wasiyya ke share hawaye.

Ya inganta cewa an kawo wata gawa, Annabi ya dakata da yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. To, kafin watan nan ya fita, kowane magidanci ya zaunar da babban ɗansa da shaidu biyu, ya faɗi abin da ake binsa da abin da yake bi. Mai hali kuma ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ko ya yafe.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya biya mana basussukanmu, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.