Shan Iska da Shan Inuwa: Lokutan Shaƙatawa a Lambun Birni da Dandalin Ƙauye

1.0 Gabatarwa

Masu fassara sukan ari kalmar bazara su laƙaba wa watannin da ke biyo bayan sanyin ƙasashen Turai. Ɗalibi yakan karanta cewa mutanen Landan suna ɗokin bazara domin su kwanta a rana cikin lambun Hyde Park, sai abin ya ɗaure masa kai, domin bazarar da ya sani ita ce ta watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Zamfara. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa Bahaushe yana da nasa tsarin shaƙatawa, kuma harshensa ya adana shi.

2.0 Abin da Harshe Ya Nuna

Aikatau ɗin "sha" shi ne mabuɗin al'amarin. Bahaushe yana shan hantsi da hunturu, yana shan inuwa da bazara, yana shan iska da la'asar sakaliya. Watau tsayin wuni da ɗumin rana su ke fitar da Bature, don a Ingila wunin watan Yuni yakan wuce sa'a 16. Shi kuwa Bahaushe rana yake gudu. Saboda haka darajar wurin hutu a wurinsa tana ga itatuwansa: durumi da ceɗiya da tsamiya da darbejiya.

3.0 Lambun Birni

Misali mafi kusa shi ne Gidan Zu na Kano da ke Gandun Albasa, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo (1967–1975). Da damina wurin yakan yi kore shar, amma ba ita ke cika shi ba. Cikarsa sai da bukukuwan Sallah, lokacin da yara da 'yammata ke tururuwa cikin sababbin kaya. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, Sallah takan zagaya rani da bazara da damina da kaka cikin wajen shekara 33. Ashe ke nan ganin wata ne ke yanke ranar shaƙatawa a birni.

4.0 Dandalin Ƙauye

A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum dandali ke tsayawa a madadin lambu, gona kuma ita ke tsara lokacinsa. Da bazara ana sharar gona, da damina ana noma. Sai kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, sannan a yi dambe da kokawa, 'yammata su yi gaɗa a farin wata.

Sai dai dandali ba ya amfani idan ƙasarsa ta gurɓata. A shekarar 2010 an gano cewa niƙan duwatsun zinariya a cikin gari ya watsa ƙurar dalma a tsakar gidaje da filayen Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyuka. Yara fiye da 400 suka rasu a jihar, galibinsu ƙanana masu wasa da ƙasa suna kai hannu baki. Kafin likitocin ƙungiyar MSF su sallami yaran da suke yi wa magani, sai da aka kankare saman ƙasa aka zuba sabuwa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa wata da gona da inuwa su ke tsara hutun Bahaushe. Ya kamata mai fassara ya yi bayanin yanayin da ake nufi maimakon ya wadatu da kalmar bazara. Haka nan masu tsara gari su fara da dasa itatuwa da tsare lafiyar ƙasar da yara ke wasa a kanta.