Kare Yaro Ya Fi Ƙarfin Hukuma Ɗaya

A ranar 25 ga Fabrairu 2000, wata yarinya mai shekara 8, Victoria Climbié, ta rasu a Landan da raunuka 128 a jikinta. Iyayenta a Kodebuwa ne suka ba wata 'yar'uwarsu riƙonta don ta samu karatu a Turai, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Matar da saurayinta suka azabtar da ita har rai ya yi halinsa, aka yanke musu ɗaurin rai-da-rai a 2001. Abin takaicin shi ne ba a ɓoye yarinyar take ba. Asibitoci biyu sun kwantar da ita, 'yan sanda sun san da zancenta, jami'an jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi sun buɗe mata fayil. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003 da shawarwari 108, ya gano aƙalla lokuta 12 da za a iya ceto ta. Kowa ya ga wani ɓangare, kowa ya ɗauka wani ne zai ɗauki mataki.

Wannan ne ya haifi dokar yara ta 2004, wadda ta wajabta wa hukumomin kowane yanki a Ingila haɗa kai. Dalilin a fili yake. Malamin makaranta ne ke lura yaro ya rame ko ya daina zuwa aji, nas ce ke ganin tabon ƙuna, ɗan sanda ne ya san gidan da ake yawan kiransa saboda duka. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce, amma idan aka haɗa su a teburi guda, labarin ya fito. Shi ya sa a yankuna da dama yanzu jami'an suke zama ofis ɗaya suna tantance rahotanni tare.

Wasu na cewa wannan kutse ne cikin sirrin iyali. Damuwar tana da tushe, domin zargin banza kan raba gida. Sai dai hukuncin da mutum ɗaya ya yanke da rabin bayani ya fi saurin zaluntar iyaye fiye da wanda aka yanke bayan an ji likita da malami. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: a 2007 jariri Peter Connelly ya mutu a Haringey, ƙaramar hukumar da Victoria ta zauna, duk da jami'ai sun gan shi kusan sau 60. To ina amfanin taro? Amsar ita ce kwamiti ba ya ɗaukar laifi, mutum ne ke ɗauka. Wata doka ta 2017 ta nemi gyara wannan, ta ɗora alhakin daidai wa daida kan ƙaramar hukuma da 'yan sanda da hukumar lafiya.

A Najeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi kwamitocin aiwatarwa tun daga tarayya har ƙananan hukumomi. Mai karatu, tambayi kansilan mazaɓarka ko kwamitin ƙaramar hukumarku yana zama, da kuma jami'in da za a kai wa rahoto idan an ga yaro cikin wahala.