Idan Gada Ta Karye, Me Ke Biyo Baya?

Ranar 30 ga Satumba 2006, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar ruwan Gusau ta ɓalle. Kusan mutum 40 suka rasu, gidaje wajen 500 suka rushe. Da ambaliyar ta janye sai wata masifar ta kunno kai, domin daga madatsar nan garin ke shan ruwa. Waɗanda ruwa ya ci gidajensu sai ga su suna neman na sha.

Maiduguri ta ga wadda ta fi haka a Satumbar 2024, sa'ad da madatsar Alau ta fashe. Ruwa ya shiga asibitin koyarwa na jami'a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, ya rusa katangar gidan yari fursunoni 281 suka tsere, har kadoji da macizai suka fice daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi.

A Kurya Madaro ta jihar Zamfara da maƙwabtanta kuwa, kusan komai a kan hanya ya rataya. Daga Gusau kaya ke zuwa Ƙaura Namoda, su wuce Shinkafi ko Zurmi. A ce ruwa ya tafi da gada guda, ko ma kwalbati. Motar da ke kai man dizal ga turakun sadarwa ta maƙale a ƙetare, janareto ya mutu, sabis ya ɗauke. Mai POS ya naɗe lemarsa, mai kuɗi a banki ya rasa na awo. Zamfarawa sun ɗanɗana wannan a Satumbar 2021 da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, alhali a lokacin gadoji na nan daram. In gada ta karye kuwa, sai rijiyar burtsatse mai aiki da inji ta tsaya, jama'a su koma rijiyoyin da ruwan masai ya gurɓata, amai da gudawa su biyo baya, ga mai naƙuda ba hanyar kai ta asibiti.

Abin takaici, bayan kowace ambaliya gidaje da gonaki ake ƙirgawa, a raba buhunan shinkafa da tabarmi, a watse. Kamata ya yi hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Zamfara da ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi su zauna da hakimai tun kafin damina, su tantance gadar da in ta karye za ta yanke gari, su kuma sa wa asibitoci da rijiyoyin burtsatsen da ke bayanta sola.